Addu'ar Baba a Ƙofar Shago

A gidanmu na Fagge ba a cin tuwon dare sai Baba ya shafa addu'a, shi kuwa Baba bai san gaggawa ba. In ya dawo daga sallar magariba sai ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiyar tsakar gida ya ɗaga hannu, mu kuma mu zauna mu zuba wa kwanuka ido. Malamin Larabci ne a makarantar gwamnati, ɗan gidan alƙalai, aiki ne ya rabo shi da garinsu ya kawo shi Kano. Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa ganin ya daki kowa ba, amma wallahi da addu'ar nan tasa ya hore mu fiye da mai bulala.

Abin da ke tsawaita ta shi ne ba ya shiga roƙo kai tsaye. Sai ya ɗauko tun daga can farko, yana jero bayin da Allah ya kuɓutar, yana kawo aya yana bin ta da Hausa don mu ji. Ya fara da wanda aka ɗauka a jirgi ranar da ruwa ya shafe ƙasa. Ya zo kan wanda aka jefa a wuta ta yi masa sanyi. Daga nan sai yaron da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya, sai wanda aka tsaga masa teku ya ƙetare da mutanensa, sai wanda kifi ya haɗiye ya amayar. Sai can a ƙarshe, murya ta yi ƙasa, ya ce mu ma ga mu nan, mun yi laifi, mun cuci kanmu, a yafe mana yadda aka yafe wa na farko.

Mu yara da wannan muke auna lokaci. Inna takan leƙo daga madafi ta tambaye ni a hankali, "Ina ya kai?" In na ce yana cikin rijiya sai ta ce a mayar da murfin miya. In na ce ya shiga kifi sai ta fara kwashe tuwo.

Ni tun ina ƙarama bakina ba ya shiru, har gobe kuwa. Wata rana yunwa ta ci ni, yana shafawa na ce, "Baba, wai Allah ya manta ya tsaga teku ne, sai ka tuna masa kullum?" Inna ta ɗauko ludayi za ta jefe ni. Baba ya yi dariya ya ce ta ƙyale ni.

Ya ce, "Shi bai manta ba, ni ne mai mantuwa. In na fara da laifina harshena nauyi yake yi, sai in ji kamar roƙon ma ba shi da amfani. In na fara da abin da ya saba yi wa bayinsa, kafin in iso kan laifin na tuna a gaban wa nake. Haka kuma Littafinsa ya koya mana. Sau da yawa kafin ya ce wa mutane su tuba, sai ya ce su tuna ranar da ya fid da su."

Na ce to, don dai a ba ni tuwo.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da wasu Yarabawa Musulmi, 'yan kasuwar atamfa, da suka daɗe a Fagge tun kafin mu zo. Maigidan muna ce masa Alhaji, matarsa kuma Iya. Suna da 'yar auta da ba ta wuce shekara biyar ba, wadda ta fi zama a gidanmu a kan nasu, Hausa a bakinta ta fi ta uwarta fita. Babban wanmu, wanda muke kira Yaya, shi ne gwaninta. Yana ce mata matarsa, tana ce masa mijinta, irin wasan da ake yi da yara. Kullum in ya taso daga aiki tana bakin lungu tana jiransa, ya ɗora ta a kan kekensa ya ƙaraso da ita ƙofar gida.

Yaya akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, saurayi mai kunya, mai tsafta, wandonsa kullum da karin guga. In ladan ya makara shi ke kiran sallar asuba a masallacin layinmu. Ɗakinsa shi ne shago, wato ɗakin samari da ke jikin zaure.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi har ta haɗa musu da ariyas. Gari ya rikice. Wanda jiya yake kai takalminsa faci, yau ya shiga kasuwar Sabon Gari ya fito da rediyo mai kaset a kafaɗa. Na san wani mutum a Kwaciri da ya sayi firji alhali ba a ja wuta gidansa ba, ya riƙa adana manyan rigunansa a ciki. Samari kuwa babur. Ko'ina ka juya sabon babur ne da ledarsa ba a ɓare ba, don a san sabo ne.

Yaya ma ya ce babur zai saya. Baba ya sa albarka. Ina hutu daga makarantar horon malamai a lokacin, ni na goge masa rigar da ya sa ranar. Ya tafi Sabon Gari da hantsi ya biya, wani a shagon masu sayar da babur ya kai shi fili ya nuna masa ga totur ga giya ga birki, ya zaga ya zaga, aka ce ya iya. Wani abokinsa da ya raka shi ya ce ya bari wani ya tuƙo masa zuwa gida, ko su turo shi. Yaya ya ƙi. Wai ma'aikacin gwamnati ya shigo unguwa yana tura sabon babur, ai sai a yi masa dariya har ya tsufa.

Bayan la'asar muka ji ƙara a bakin lungu. Yara suka ɗiba a guje, yadda ake yi wa duk wanda ya yi sabon abin hawa, a shafa a ce Allah ya sa alheri, a samu alewa. Ina tsaye a bakin zaure. Auta ce a gaba, hannuwa a buɗe, tana kiran mijinta. Mutumin da ya shekara goma a kan keke hannunsa ya san birki, birkin da aka nuna masa kuwa a ƙafa yake. Ya damƙi kan babur da ƙarfi, ya murɗa totur bai sani ba. Na ga lokacin da ya kwashe ta, na ji ƙarar da kanta ya yi a gefen kwata. Har yau in an fasa kwakwa kusa da ni sai na tashi daga wurin.

Alhaji ya ɗauke ta a motar da yake ɗaukar dilolin atamfa, ya yi asibiti da ita. Ba ta motsi amma tana numfashi. Da aka kawo maganar 'yan sanda ya ce ba ya so, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma maƙwabci ba abin kaiwa caji ofis ba ne.

Yaya ya shiga shago ya rufe ƙofa.

Da farko mun ɗauka firgita ce, za ta sake shi. Abinci in na ajiye haka zan dawo in ɗauke. Ba ya fitowa sai ya tabbata babu kowa a tsakar gida. Sannan muka lura da abin da ya fi wannan. A kira salla, a tayar, a idar, yana kwance. Asuba, azahar, har Juma'a ta zo ta wuce. A gidan malamai irin namu gara a ce ɗanka ya haukace da a ce ya bar salla. Inna ba za ta iya zuwa ƙofarsa ba, ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, ko kallonsa sosai ba ta yi a gaban mutane. Sai ta riƙa aikena. "Je ki ga yaron nan ko ya tashi." In dawo in ce bai tashi ba, ta juya baya ta hura wutar da ba ta mutu ba.

Dangi suka zo da nasu maganin. Baffa, ƙanin Baba, ya kawo rubutu a kwalba. Wani ya ce a yi sadakar waina, aka yi. Wani ya tsaya a bakin ƙofa yana lissafa masa istigfarin da zai ja safe da yamma. Daga ciki Yaya ya ce, "Na san ni azzalumi ne, Baffa. Ba sai na yi ta nanatawa ba." Duk abin da suka ba shi ya karanta, kalmar laifi kaɗai yake ji a ciki, sauran ba ya shiga kunnensa.

Ni da Inna muke kai abinci asibiti. Auta tana kwance kai a naɗe, ido a rufe. Iya tana zaune a ƙasa gefen gado, ɗankwali ya zame ba ta gyara ba. In mun gaishe ta sai ta ce, "Ku ajiye," ba ta ɗago ba. Ba ta zage mu ba, ba ta kuma kalle mu ba, kuma ban taɓa ganin laifinta ba.

Wata rana na dawo daga can raina a ɓace, na tsaya na daki ƙofar shago da tafin hannu. Na ce, "Yarinya tana can kwance, kai kana nan kana mana mutuwar tsaye. Da wanne za a ji? Ka tashi ko roƙa mata Allah ka yi mana."

Daga ciki ya ce, "Da wace fuska zan tsaya? Ta taho da hannu a buɗe fa." Muryarsa ta sa fushin ya gudu ya bar ni da tausayi, na zauna a dakali na yi kuka.

Duk wannan Baba bai ce masa uffan ba, har na fara jin haushinsa shi ma. Sai wata magariba ya dawo daga masallaci, ya ɗauki buzunsa ya wuce darbejiya ya bar ta, ya je ya shimfiɗa a zaure daidai ƙofar shago. Ya zauna ya jingina da ƙyauren, ya ɗaga hannu ya fara daga jirgi kamar kullum, sai dai da ƙarfi. Babu motsi daga ciki. Washegari ya sake. Haka ya yi ta yi, mu kuma ba wanda ya ƙara tambayar ina ya kai.

Ranar da Yaya ya tanka, ina laɓe a bayan ƙofar shiga gida. Baba yana tsakiyar teku sai muka ji murya daga ciki. "Baba, ka huta. Waɗannan annabawa ne. Ni kuma fa?"

Baba ya sauke hannu. Ya ce, "Wanda aka tsaga wa tekun nan, ka san abin da hannunsa ya yi kafin nan? Ai ka karanta a gabana. Ya naushi mutum, bai nufi kisa ba, mutumin ya faɗi ya mutu. Ya ce ya cuci kansa, a yafe masa, aka yafe masa. Bayan nan ne aka kira shi aka yi magana da shi, bayan nan ne aka tsaga masa teku. Na cikin kifi kuma tafiya ya yi ba a ba shi izini ba. A cikin duhun nan bai ce ba shi da fuska ba. Ya fara da faɗin wane ne Ubangijinsa, sannan ya faɗi laifinsa. Da aka gama ba mu labarinsa kuma ba a ce nasa ne shi kaɗai ba, cewa aka yi haka ake fid da duk masu imani."

Baba ya sake ɗaga hannu ya ci gaba daga inda ya tsaya. Da ya fito daga kifi, maimakon ya wuce kan neman gafara, sai ya ƙara wani abu da ban taɓa ji a bakinsa ba.

Ya ce, "Ya wanda ya dubi wani jariri a garinmu shekarar sanƙarau, wuyansa ya sandare, ya daina kama nono, har an yanko ƙyallen da za a naɗe shi, uwarsa ta juya fuska bango don kada a ga tana kuka a kan ɗan fari. Ka mayar mana da shi ba don mun cancanta ba. Ga shi nan a bayan ƙofar nan."

Daga madafi na ji Inna ta saki wani sauti ta toshe baki da zani. Ni ban taɓa sanin Yaya ya yi wannan ciwon ba.

Sai Baba ya shiga faɗin laifi, kuma ranar na lura da abin da na shekara ina ji ban lura ba. Bai ce yaron nan ya yi laifi ba. Ya ce, "Mun ga kuɗi mun yi rawar kai. Ya ce zai sayi babur na sa albarka, ban tambaye shi ko ya iya ba, don ina so a ce ɗan malam ma ya hau. Mun fi jin tsoron dariyar mutane a kan ran 'yar mutane. Mun cuci kanmu, mun cuci maƙwabcinmu. Ka yafe mana, ka tashi kafaɗar yarinyar nan."

Daga bayan ƙofa, can ƙasa, aka ce amin.

Daren nan kwanon da na ajiye ya dawo an ci rabi. Bai fito ba, bai yi salla ba, amma ya daina sa sakata, kuma in magariba ta yi ina jin ya matso ya zauna jikin ƙyauren ta ciki. A kwanakin nan ne auta ta buɗe ido ta nemi ruwa. Inna ta raba sadaka har layin baya. Ni kam na gama yanke hukunci a raina, na ce ga tekun namu an tsaga, saura mu ƙetare.

Ba haka aka rubuta ba. Wata safiya, rana ta ɗan ɗago, muka ji salati da kuka ta kan katanga. Kafin wani ya shigo ya faɗa mun sani. Abu na biyu da na ji shi ne ƙarar sakata a shago.

Na sami Baba a tsakar gida yana neman takalmansa alhali suna ƙafarsa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ina jirgin, Baba? Ina tekun? Kullum kana jero su."

Na ɗauka zai kawo aya. Ya dube ni hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ban sani ba, 'yata. Na roƙa, ba a ba ni ba." Ban taɓa son Baba kamar a lokacin ba, kuma ban taɓa jin tsoro kamar a lokacin ba. Tsoron abin da Yaya zai yi wa kansa a bayan ƙofar nan nake ji.

Baba ya shiga gidan Alhaji ya yi gaisuwa, ya dawo ya zauna a ƙofar shago babu ko buzu. Ya kira Yaya bai amsa ba. Ya ɗaga hannu zai fara, murya ta ƙi fita. A waje mutane suna taruwa, 'yan kasuwa daga Sabon Gari, mutanen layi, ana shimfiɗa tabarmi. Aka leƙo aka ce an gama shirya ta, Malam ake jira ya yi mata salla. Baba ya ce ga shi nan zuwa, amma bai tashi ba.

Sai ga Alhaji da kansa ya yi sallama ya shigo zaure. Babban mutum ne mai jiki, amma ranar rigarsa ta yi masa yawa. Ya dubi Baba a ƙasa, ya dubi ƙofar, ya matso ya ƙwanƙwasa da yatsa biyu.

Ya ce, "Ni ne, maƙwabcinka. Kullum ina jin addu'ar Malam ta kan katanga in na dawo daga asibiti, ina cewa amin. Inda yake cewa mun yi laifi, har da ni a ciki. Ina zaune a ƙofar gida ta wuce ni a guje, na gan ta, da na miƙa hannu da na kama rigarta. Ban miƙa ba, dariya nake yi."

Ya tsaya ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Maganar azumin kaffara da sauran abin da ke kanka, babanka ya fi ni sani, ku yi daga baya. Ni nawa na yafe. Amma yarinyar nan wurinka ta nufa da gudu. Ba zan bari a yi mata salla ba ka cikin sahu ba. Rana tana yi, kada ka sa ta jira."

Na ƙirga numfashina ban san adadi ba, sannan sakata ta motsa. Yaya ya fito yana dafa bango, ya rame, gashi ya cika masa fuska, ido ya kasa ɗagawa. Ya zube a gaban Alhaji zai kama ƙafarsa, Alhaji ya riƙe kafaɗunsa ya ce ba yanzu ba. Ya juyo ya ce mini, "Kawo ruwa."

Na ruga na ciko buta na kawo. Yaya ya tsuguna a bakin zaure ya miƙo hannu zai karɓa, butar ta kusa suɓucewa. Alhaji ya karɓe ta daga hannunmu, ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna a gabansa. Ya riƙa zuba masa kaɗan-kaɗan, Yaya yana wanke hannu, da baki, da fuska, har ya kai ƙafa. Da ya gama Alhaji ya ajiye butar, ya kama hannunsa a jiƙe ya tashe shi, suka fita wurin 'yarsa.